Gafara Kyauta Ce, Amma Wa Ke Ɗaukar Hasarar?

Akwai waɗansu kalmomi waɗanda a da ba a kan ji su ba sai a bakin malamai, ko a masallaci ko a majami'a, amma yau a arewacin Zamfara sun zama kalmomin kasuwa da tashar mota. Su ne tuba, da afuwa, da fansa. Yaron da ya tashi a Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda cikin shekarun nan, tun bai iya haɗa baƙi da wasali ba ya san abin da a ke nufi da kuɗin fansa, gama ya ga an sayar da gona da shanun huɗa domin a tara su. Ya kuma sha jin an ce wane ya tuba, hukuma ta yi masa afuwa, kafin damina ta zagayo kuwa sai a ji ya koma daji. To, irin wannan yaro in ya zauna a aji, malami ya gaya masa addinin Kirista yana koyar da cewa Allah yana gafarta zunubi kyauta, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ba don kuɗi ba, ba kuwa don yawan aikin lada ba, kada kowa ya yi mamaki in ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe wannan ba irin afuwar nan ce ta gwamna ba?"

Tambayar nan ba ta rashin kunya ba ce, ba kuwa za mu kore ta da tsawa ba. Manyan masana sun yi irinta tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Muna so mu bi ta a hankali tare da ku, ya ku 'yan makaranta, da na mishan da na gwamnati, da Kirista da Musulmi, gama kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya gaskata ya rage wa kansa zato.

Koyarwar nan ba ta daɗe ƙwarai a wannan yanki ba. Ƙauran Namoda tsohon gari ne, ya ci sunan Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mutanensa kuwa Musulmi ne tun kaka da kakanni. A 1929 hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta zo ta tsaya a nan domin kwasar gyaɗa da auduga. Tare da jirgin ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa suka zo daga kudu, da yawansu kuwa Kirista ne. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe suna fama da shi. Masu fassarar nan ba su ƙago sababbin kalmomi ba. Sun ɗauki waɗanda suka tarar a bakin Hausawa, watau zunubi, da gafara, da ceto, da alheri, da fansa, suka ɗora musu kaya. Saboda haka duk abin da ya ɓata kalmomin nan a kasuwa, sai ya bi su har cikin majami'a.

Ga koyarwar a taƙaice. Ɗan Adam ya saɓa wa Mahaliccinsa, saɓon kuwa ba a hannu kaɗai ya ke ba, tushensa a zuciya ya ke, inda hassada da girman kai da ƙeta su ke kwana. Ba wanda ya kuɓuta, da sarki da talaka, da mai rataye da bindiga da wanda bai taɓa yanka ko kaza ba. Mutum ba ya iya biyan wannan bashi da ayyukan kirki, domin kirkin da ya yi yau dama hakkin yau ne, ba ya rage na jiya. Ɗan haya in ya biya kuɗin watan nan, ba ya cewa ya biya na bara da su. Sai Allah da kansa ya zo cikin Almasihu, ya ɗauki nauyin a kan gicciye, ya tashi daga matattu, wanda ya dogara gare shi kuwa an yafe masa. Manzo Bulus ya yi ta nanata wannan cikin wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Afisawa, har ya nuna an shirya abin haka ne domin kada wani mahaluki ya sami abin yin alfahari da shi.

'Yan'uwanmu Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, ba su kuma yarda wani yana ɗaukar nauyin zunubin wani ba. A wurinsu Allah yana yafewa da rahamarsa ga wanda ya tuba tuban gaskiya. Wannan bambanci ne babba, ba kuwa za mu lulluɓe shi da zaƙin baki ba. Amma nan gaba za ku ga wurin da hanyoyin biyu su ke haɗuwa.

Yanzu mu koma ga afuwar da yaron nan ya ke magana a kanta. A 2019, da Bello Matawalle ya hau kujerar gwamnan Zamfara, ya buɗe ƙofar sulhu da 'yan bindiga. Aka saki waɗansu mutanensu da ke tsare, su ma suka sako waɗansu da su ke riƙe da su a daji, hanyoyi suka ɗan lafa. A 2020 ya yi shela cewa duk wanda ya kawo bindiga ƙirar AK-47 za a ba shi shanu 2. Ba mu ce da mugun nufi aka yi wannan ba. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa ya ke yi. Amma ku dubi labarin Auwalun Daudawa. Shi ne ya ja gaba wajen sace 'yan makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a Jihar Katsina, cikin watan Disamba 2020, yara fiye da 300, tsararrakinku. A watan Fabrairu 2021 ya zo Gusau, ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya tuba. Kafin watan Afrilu ya fita ya riga ya koma daji, aka kuwa kashe shi a dajin Dumburum, wajen ƙasar Zurmi, cikin faɗa da wata ƙungiya irin tasa. Da watan Satumba na shekarar ya kama, gwamnan ya ce ba sauran sulhu. Aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ran Alhamis, aka katse wayar tarho a jihar baki ɗaya.

In ka tambayi mutane abin da ya sa afuwar nan ba ta kwanta musu a rai ba, yawancinsu za su ce ai tuban muzuru ne, kaza a baki. Gaskiya ne, amma mu a ganinmu akwai abin da ya fi wannan zurfi. Mu ƙaddara mutumin ya tuba har zuciya, bai sake taɓa bindiga ba har ya mutu. Matar da ya mayar gwauruwa, da manomin da ya kore wa shanu, ransu zai yi sanyi ke nan? Ba zai yi ba. Me ya sa?

Ku duba yadda gafara ta ke a tsakanin mutane. Ɗan kasuwa ya ba maƙwabcinsa bashin gero buhu 10 da bazara, kaka ta yi, maƙwabcin ya kasa biya, ɗan kasuwa ya ce, "Na yafe maka." Da faɗin haka buhunan ba su tashi sun koma rumbu ba. Geron ya tafi, iyalin mai shi za su rage tuwo har wata shekara. Watau gafara ba ta shafe hasara, iyakarta ta ɗauke ta daga wuyan wanda ya jawo ta, ta ɗora a wuyan mai yafewa. Shi ya sa ta ke da wuya, shi ya sa kuma a ke girmama mai yin ta. To, amma a ce wani mutum na uku, wanda ba geronsa ba ne, ya zo ya dafa kafaɗar mai bashin ya ce, "Je ka, an yafe maka," bai kuwa auna ko tiya guda daga rumbunsa ya ba mai geron ba. Wannan bai yi gafara ba, kyauta ya yi da kayan wani. Ga ciwon da ke cikin afuwar hukuma. Wanda ya furta ta ba ɗansa aka kashe ba, waɗanda suka ɗauki hasarar kuwa ba a tambaye su ba. Mai laifi ya sami shanu, mai shanu ya sami haƙuri.

A nan ne koyarwar Kirista ta rabu da ita. Ba ta ce Allah ya kau da kai daga zunubi kamar alƙalin da aka toshe wa baki ba. Cewa ta yi wanda aka saɓa wa shi ne ya sauko ya ɗauki hasarar da kansa, gicciye kuwa shi ne wurin da aka ga nauyinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gafarar nan kyauta ce ga mai karɓa, amma ga mai bayarwa ba abin da ya fi ta tsada. Wanda ya ce da ita araha, bai tsaya ya dubi wanda ya biya ba.

Mun san mai kaifin hankali a cikinku zai ce, "Ai har yanzu mijin matar nan bai dawo ba, Allah ma kuwa bai tambaye ta ba kafin ya yafe." Madalla da wannan magana, za mu kuwa komo kanta. Amma bari mu fara wanke kalmar nan fansa, gama ita ce ta fi shan dauɗa.

Yesu da bakinsa ya kira mutuwarsa fansa, kamar yadda Markus ya rubuta a sura ta 10. Kakanninmu sun san fansa tun zamanin bauta. Dangi su kan tara wuri su je su fanso ɗan'uwansu da aka kama a yaƙi. Bawa kuma ya kan yi murgu, watau ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangijinsa wani abu, wani har ya tara abin da zai fanshi kansa a gaban alƙali. Bayan zuwan Turawa aka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuwa aka soke bautar ɗungum. Kalmar ta kwanta shekaru da yawa, sai ga ta ta farka a zamaninmu da mummunar kama. A 2025 aka ji labarin Banga, wani ƙauye a ƙasar Ƙauran Namoda, inda aka kwashe mutane fiye da 50. Dangi suka yi karo-karo suka kai kuɗi, aka karɓa, aka sako kaɗan, aka kashe fiye da 30. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa Almasihu ya biya fansa, dole ya tambaya, wa aka biya? Shaiɗan ne ya zauna a daji ya yanka kuɗi, Allah ya kai masa?

Waɗansu malaman ikkilisiya na farko sun faɗi abin da ya yi kama da haka. Amma tun cikin ƙarni na 4 wani babban malami, Girigori na Naziyanzu, a ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, ya ƙi wannan magana ƙememe. Hujjarsa ita ce, ɗan fashi ba shi da hakki a kan abin da ya ƙwace, balle a ce an ba shi lada mai girma haka saboda fashinsa. Muna tare da shi, mutanen Banga ma sun fi kowa sanin dalili: kuɗin da aka kai wa ɗan fashi ba ya ƙosar da shi, harsashi ya ke saye da su. Abin da kalmar ta ke nunawa cikin Linjila abu biyu ne kawai, cewa mutum a ɗaure ya ke ba ya iya kwance kansa, da cewa kwance shi ya ci wa wani rai. Ba murgu ba ne, inda bawa ya ke tara wuri ɗaya ɗaya har ya cika. Ya fi kama da a ce wani ya shiga dajin da ƙafarsa, ya zauna cikin mari a madadin wanda aka kama, ya ce masa ya tafi gida.

To, mece ce bangaskiya a cikin wannan? Mutane da yawa, har da masu zuwa majami'a kowace Lahadi, suna ɗaukarta kamar wani ɗan kuɗi ne da a ke biya maimakon babban, watau Allah ya rage farashi, ya ce a kawo bangaskiya a karɓi gafara. Ba haka ba ne. Bangaskiya hannu ce da a ke miƙawa a karɓa, hannun mai bara kuwa ba ya sayen abin da aka zuba masa. Wanda aka kwance wa mari aka ce ya tafi, tashin da ya yi ya bi hanya ba shi ne ya biya fansarsa ba, amma in ya ƙi gaskata maganar ya zauna, a dajin zai kwana. A 1517 wani malamin Jamus, Martin Luther, ya tashi a garin Witinbag yana faɗa da masu yawo suna sayar wa talakawa takardun sassaucin azabar zunubi, daga nan rigima ta tsage ikkilisiyar Turai biyu. Sai a 1999, a birnin Ogsbag, wakilan Katolika da na mabiya Luther suka sa hannu a takarda ɗaya, suka yarda cewa da alherin Allah kaɗai a ke karɓar mutum, ba da cancantarsa ba, alherin nan kuwa shi ke sabunta zuciya ya tura ta ga aikin kirki. Shekara 482 kafin a daidaita magana! Kada ku ji kunya in ba ku gane ta a darasi ɗaya ba.

Ku lura da ƙarshen maganar tasu, gama nan ne amsar tuban muzuru ta ke, nan ne kuma hakkin gwauruwar nan ya ke. Mai laifi bashi biyu ke kansa, na Allah da na mutum. Allah ya yafe nasa, shi ya ɗauki hasararsa. Amma bai yi kyauta da kayan wani ba: na mutum yana nan, wanda aka yafe wa kuwa shi a ke aika ya je ya biya. Cikin Matiyu sura ta 5 an umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya dakata da baikon tukuna, ya je su shirya. Luka kuma a sura ta 19 ya ba da labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi arziki da zaluntar mutanen garinsu. Ku duba yadda abin ya bi da bi. Yesu ne ya fara shiga gidansa, tun bai mayar da ko anini ba, har jama'a suka yi gunaguni, irin gunagunin da mu ma za mu yi. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya yi alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuwa ya mayar masa ninki 4. Ba mayarwar ce ta saya masa ceto ba, ceton ne ya kwance masa bakin jaka. Da ya karɓi baƙon ya ci ya sha, gari ya waye ya koma rumfar haraji da halinsa na jiya, da mun san hannunsa bai karɓi kome ba. Manzo Yaƙub ya kwatanta irin wannan bangaskiya da gawa.

A nan ne hanyarmu da ta Musulmi su ke haɗuwa. Malamansu suna koyar da cewa tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuwa hakkin wani ne, a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Da liman da fasto za su iya zama a tabarma ɗaya a Shinkafi su gaya wa mai tuba magana guda, cewa wanda ya ajiye bindiga ya riƙe shanun mutane bai tuba ba tukuna. Tuban da a ke ba mai yin sa lada, maimakon shi ya fitar da abin da ya ci, an juya masa kai ƙasa.

Duk da haka kada mu yi gaggawar zama alƙalan zukata. Akwai wani Bature, John Newton, wanda ya yi fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. A 1748 hadari ya kusa nutsar da jirginsu a teku, ya yi kuka ga Allah, daga ranar ya ke ƙirga tubansa. Amma bai bar safarar bayi ba sai 1754, bai kuwa fito fili ya yi rubutu a kan muguntarta ba sai 1788. Shekara 40 tsakanin shuka da girbi. Ya rayu har ya ga Ingila ta hana cinikin a 1807, ya mutu a shekarar. Wannan labari ba ya wanke shi, bayin da ya ɗauka cikin shekarun nan 6 ba su ji daɗin tubansa ba. Abin da ya ke nuna mana shi ne, wani tuban na gaskiya ne amma ɗanye, Allah kaɗai ya san wanda zai nuna. Mu da ba mu ganin zuciya, ba a ɗora mana mu yanke wa mutum wuta ko aljanna ba. Ba a kuma ɗora mana mu ba shi mabuɗin rumbu ran da ya ce ya tuba ba.

Haka kuma gafarar Allah ba ta rufe ɗakin shari'a. Cikin ɓarayi biyu da aka gicciye tare da Yesu, ɗaya ya amsa da bakinsa cewa hukuncin da aka yi masa daidai ne, ya roƙi a tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Ga mutum wanda ba shi da sauran lokacin yin aikin lada ko ɗaya, hannuwansa a kafe, aka karɓe shi. Babu misalin ceto ta wurin bangaskiya da ya fi wannan. Amma ba a sauko da shi daga itacen ba. Ya mutu mutuwar da hukuma ta yanke masa. Wanda ya ke neman gafarar Allah domin ya tsere wa alƙali, bai kai ɓarawon nan fahimta ba.

Saura magana mafi nauyi, muna kuwa taɓa ta da tsoro, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. An umarci wanda aka yafe wa shi ma ya yafe. Cikin Matiyu sura ta 18 akwai misalin wani bara da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, ya fita ya shaƙe abokin barancinsa saboda dinari 100. Ku ɗauko allo ku yi lissafi. Dinari guda ladan lebura ne na yini ɗaya, talanti guda kuwa wajen dinari 6,000 ne. Bashin farko ya zama ladan yini 60,000,000, watau aikin shekara fiye da 160,000 ba hutu. Na biyu aikin wata 3 ne da kwana 10. Masu wa'azi sun saba tsayawa a kan girman na farko, daidai ne kuwa. Amma mu muna so ku dubi na biyun. Ladan wata 3 ba abin wasa ba ne ga lebura, abincin 'ya'yansa ne. Misalin bai ce ba a cuci mutumin ba. Kada fa wani ya ɗauki wannan sura ya je gidan makoki a Zurmi ya ce wa mace abin da aka yi mata kaɗan ne. Wanda ya yi haka ya ƙara mata wani zalunci a kan na farko, ya kuma yi shi da sunan Allah.

Abin da a ke nema gare ta ba mantuwa ba ne, ba kuwa cewa ta janye ƙara ko ta amince da wanda ya cuce ta ba. Abu guda ne, ta sauke ramuwa daga hannunta ta bar wa Allah da hukuma, kada ta shayar da ɗanta ita tare da nono. Wannan ma hasara ce a ke ce mata ta ɗauka, gama ramuwa ita ce kaɗai dukiyar da aka bar wa wanda aka ƙwace wa kome. Ba mai iya tilasta mata, ba mai sa mata rana. Wata sai ta shekara goma tana yafewa da safe, da dare abin ya dawo. Abin da bangaskiya ta ke ba ta shi ne sanin cewa wanda ya ke roƙonta wannan ba daga kan kujera ya ke magana ba, shi ma an kashe shi ba da hakki ba, ya kuwa roƙa wa masu kashe shi gafara tun ƙusoshin suna jikinsa.

Kowa a yankin nan ya ga abin da kishiyar wannan ta haifar. An kore wa makiyayi shanu ko an cinye masa burtali, ya ɗauki makami. An kashe manomi a gonarsa, 'yan sa-kai suka tashi, waɗansunsu suka kashe Fulanin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har a tsakiyar kasuwa. 'Yan'uwan waɗannan suka shiga daji, suka faɗa wa ƙauyen da bai taɓa ganinsu ba. Kowane ɓangare yana riƙe da lissafin abin da aka yi masa daidai wa daida, ba ya tuna ko ɗaya daga abin da ya yi. Ba mu ce laifin kowa ɗaya ne ba, wanda ya ƙone gari da wanda ya kare ƙofar gidansa ba su zama daidai. Amma bashin jini in kowa ya ce sai an biya shi da irinsa, ba ya ƙarewa, riba ya ke yi, yaran da ba a haifa ba su ne za su gāje shi.

Wanda ya fito daga daji kuma, in da gaske ya ke, kada ya tsaya a miƙa bindiga gaban masu ɗaukar hoto. Rai ba ya mayaruwa ninki 4, ko ninki ɗaya ma. Amma akwai abin da ke hannunsa. Ya san inda shanun su ke, ya san wanda ya saye su. Ya san sansanin da har yanzu a ke tsare da mutane, da hanyar da a ke bi a kai. Ya san gindin itacen da aka binne waɗanda ba su dawo ba, akwai kuwa mata a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda waɗanda har yau ba su sani ba ko su yi takaba ko su ci gaba da jira. Ya fara da zuwa ya gaya musu.